Dokin da Ba Ya Barin Takalmi a Ƙafarsa

Ranar 7 ga watan Yuni, 2008, dubban mutane suka yi cincirindo a filin sukuwa na Belmont, a jihar Niyok ta Amurka, domin su ga wani ingarma mai suna Big Brown ya kafa tarihi. Sau biyar ana sa shi tsere, sau biyar yana zuwa na ɗaya, ciki har da biyu daga cikin manyan tsere uku na ƙasar. Da ya ci na ukun, da ya zama doki na farko da ya haɗa su duka tun 1978. Amma tun kafin a kai ga zangon ƙarshe sai aka ga mahayinsa, Kent Desormeaux, ya sassauta masa, dokin ya ƙare a na ƙarshe. Bayan kwanaki sai ga hotunan da aka ɗauka ana cikin tseren sun nuna takalmin ƙafarsa ta baya ta dama ya saki. Masu dawaki sun daɗe suna gardama a kan ko takalmin ne ya kayar da shi ko wani abu dabam, amma babu wanda ya ce ƙaramin al'amari ne doki ya yi sukuwa da sakakken ƙarfe a ƙarƙashin kofatonsa.

Abin da ya sami Big Brown tsautsayi ne na rana guda. Akwai kuwa dokin da cire takalmi ya zame masa jiki: a sa masa yau, kafin mako biyu a wayi gari ƙafa ɗaya ba komai, a kirawo maƙeri ya mayar, bayan kwana goma ya sake. Mai doki ya ce maƙeri ne bai iya ba, maƙeri ya ce kofaton ne ba shi da kyau, mai kiwo kuma ya ce dokin ne mai ɓarna. A nan ƙasar mafi yawan dawakinmu ba sa sa takalmi, saboda haka inda aka fi jin wannan ƙorafi shi ne wajen 'yan ƙwallon doki, wato folo, a Kaduna da Katsina da Kano da Legas, da masu dawakin tsere, da kuma waɗanda dawakinsu ke yawan taka kwalta. To, mene ne ke faruwa a ƙasan ƙafar nan? Amsar tana buƙatar ilmin halittu, tana kuma buƙatar ɗan ilmin fiziya.

Doki a kan farce yake tsaye

Mai karatu ya dubi hannunsa. Abin da muke kira gwiwar ƙafar gaba ta doki, a haƙiƙa daidai yake da wuyan hannun mutum. Dogon ƙashin da ke ƙasa da ita daidai yake da ƙashin tafin hannu wanda ke ɗauke da yatsan tsakiya. Ƙasusuwa uku da suka biyo baya su ne gaɓoɓi uku na yatsan tsakiyar, kofato kuwa shi ne farcensa. Ke nan dabba mai nauyin kilo 350 zuwa 500 tana tsaye ne a kan ƙarshen yatsu huɗu rak, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin yana kan ƙafafun gaba. A cikin sukuwa, ƙarfin da ke sauka a kan ƙafar gaba ɗaya yakan ninka nauyin jikin dokin sau biyu, har ma fiye.

Kofato an yi shi ne da keratin, wato irin furotin ɗin da ya yi farcenmu da gashinmu da ƙahon sa. Yana da sassa da ya kamata a sani. Akwai bango, wato ɓangaren nan mai tauri da muke gani in doki na tsaye. Kaurinsa a goshin kofato bai wuce kimanin santimita 1 ba, kuma yana ƙara sirancewa wajen dunduniya. In an ɗaga ƙafa za a ga tafi, a tsakiyarsa kuma akwai wata tsoka mai danƙo mai siffar kan mashi, wadda Turawa ke kira kwaɗo. Tsakanin bango da tafi akwai wani siririn layi mai ruwan madara, shi ake kira farin layi. Wannan layi shi ne iyaka tsakanin inda doki ba ya jin zafi da inda jini da jijiyoyi suke.

Ta ciki, bangon yana manne da ƙashin ƙarshe ta hanyar wasu siraran ganyayyaki, kimanin 550 zuwa 600, waɗanda suka shiga juna kamar a ce an saka shafukan littafi biyu cikin juna. Doki dai a rataye yake a jikin bangon kofatonsa. Bangon yana tsirowa ne daga sama, daga inda gashi ya ƙare, yana sauka da milimita 6 zuwa 10 a wata. Kafin abin da ya tsiro yau ya iso ƙasa a goshin kofato sai an yi wata 9 zuwa 12. A riƙe wannan lissafi, domin za mu koma kansa.

Yadda takalmi ke zama

Ba tun fil azal ake kafa wa doki ƙarfe ba. Zinofon, wani jarumi kuma marubuci na ƙasar Girka wanda ya rayu fiye da shekara 350 kafin haihuwar Annabi Isa, shawarar da ya bayar ita ce a shimfiɗa duwatsu a inda doki ke tsayawa domin kofato ya yi tauri. Rumawa sun yi amfani da wani irin takalmin ƙarfe da ake ɗaurewa da igiya. Takalmi mai ƙusa bai zama ruwan dare a Turai ba sai wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. A 1835 wani mai masana'anta a Amurka, Henry Burden, ya ƙago injin ƙera takalmin doki. A Ingila kuwa, wata doka ta 1975 ta hana kowa kafa wa doki takalmi in ba wanda aka yi wa rajista ba.

Dalilin wannan tsanani shi ne ƙanƙantar wurin aiki. Ƙusar takalmin doki ba irin ta kafinta ba ce: bakinta a fiƙe yake ta gefe guda, yadda in an kafa ta a gefen waje na farin layi za ta karkata waje da kanta, ta ɓullo a jikin bango kimanin santimita 2 sama da takalmin. Sai maƙeri ya datse tsinin, ya lanƙwasa ragowar ta zama 'yar ƙugiya, ya kwantar da ita a jikin bango. Waɗannan ƙugiyoyi, shida ko bakwai ko takwas, su ne ke riƙe da takalmin baki ɗaya. In ƙusa ta kauce ciki kaɗan ta taɓa nama, doki ya yi ɗingishi. In ta fito ƙasa-ƙasa ba ta kama bango sosai ba, takalmi ya yi saurin saki.

Sa'an nan ba a kafa ƙusa a rabin baya na kofato. Duk lokacin da doki ya taka, dunduniyarsa takan buɗe kaɗan ta koma, wannan motsi kuwa yana rage girgiza yana kuma taimakon zagayawar jini. Saboda haka maƙeri nagari yakan bar ƙarfen ya ɗan fi kofato faɗi da tsawo ta wajen dunduniya, domin ta sami inda za ta buɗe, ta kuma sami abin dogara. Ga shi nan an sami ɗan ƙarfe da ya leƙo baya, babu ƙusa a kusa da shi. Nan ne duk rigimar take.

Tsere tsakanin ƙafar gaba da ta baya

Takalmin ƙafar gaba ne ya fi yawan fita, kuma galibi dokin da kansa ne ke take shi da ƙafarsa ta baya. A share fili mai rairayi, a jawo doki ya wuce, a dubi sawunsa. Za a ga cewa ƙafar baya tana sauka ne daidai inda ta gaba ta tashi, ko ma gaba da nan. Wato ƙafafun biyu wuri ɗaya suke so, sai dai ɗaya ta tashi kafin ɗayar ta iso. A cikin sassarfa, ƙafar gaba ta hagu tana barin ƙasa ne a daidai lokacin da ƙafar baya ta hagu ke shirin sauka. A cikin sukuwa mai tsanani, zaman da kofato ke yi a ƙasa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Idon mutum ba ya kama wannan. Sai a 1878 ne Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, ya ɗauki hotunan doki yana gudu, duniya ta ga yadda ƙafafun huɗu ke taruwa ƙarƙashin ciki, duka a sama, suna dab da gogar juna.

To, idan ƙafar gaba ta yi nawa ko da ƙiftawar ido ne, ta baya za ta cim mata. In ta cim mata bayan ta riga ta kifa, goshin ƙafar baya zai bugi ƙasan takalmin gaba, a ji wani ƙas! ƙas! in doki na sassarfa. Wannan gargaɗi ne, kuma mai kunne ya kamata ya ji. In kuwa ta cim mata tun dunduniya tana fara ɗagowa, sai ta take ɗan ƙarfen nan da ya leƙo. Ƙafar baya ta danne takalmi da ƙasa, ƙafar gaba ta fizge sama da dukan ƙarfinta, ƙugiyoyin ƙusa su miƙe ko su yago bango. Wani lokaci ma naman dunduniyar ne ke tsagewa.

Me ke sa ƙafar gaba nawa? Kafin kofato ya bar ƙasa sai dunduniya ta ɗago, ya mirgina ta kan goshinsa. Abin da ke ɗago shi wata doguwar jijiya ce mai ƙarfi da ta biyo ta bayan ƙafa ta manne a ƙarƙashin ƙashin ƙarshe. Ɗaliban fiziya sun san ƙa'idar liba: ƙarfin juyi shi ne ƙarfi sau nisa. Nisan a nan shi ne daga gaɓar ƙarshe ta ƙafa zuwa bakin goshin kofato. Mu ƙaddara nisan nan santimita 6 ne ranar da aka datse kofato, sa'an nan ya zama 7 bayan ya yi tsawo. Santimita ɗaya tak aka ƙara, amma aikin da jijiyar za ta yi kafin ta mirgina kofaton ya ƙaru da kusan kashi 17 cikin 100. Wanda ya taɓa sa takalmin da ya fi ƙafarsa tsawo ya yi gudu ya san abin da ake nufi.

Dokin da ba shi da takalmi, ƙasa ce ke goge masa kofato gwargwadon yadda yake tsirowa. Mai takalmi kuwa, goshin kofatonsa yana tsawo babu abin da ke cinsa, amma dunduniya, saboda motsin nan da take yi a kan ƙarfe, tana ɗan gogewa. Shi ya sa kullum kofato ke ƙara kwantawa gaba. Masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, wajen shekarar 2005, sun auna sun ga cewa cikin mako 8 kusurwar da goshin kofato ke yi da ƙasa takan ragu da kimanin digiri 3. A kofaton gaba mai lafiya kusurwar tana tsakanin digiri 50 da 55.

Ba tsawon kofato kaɗai ba ne. Akwai ƙira: doki mai gajeren baya da dogayen ƙafafun baya ya fi kowa cim ma kansa, haka ma ɗan dokin da bai gama girma ba, wanda ƙugunsa ya riga kafaɗarsa tsawo. Akwai gajiya, domin tsokar da ta gaji ba ta ɗaga ƙafa a kan kari. Da yawa takalmi yakan fita ne a ƙarshen wasa. Akwai ciwon da ba a lura da shi ba a ƙafar gaba. Akwai kuma mahayi. Wanda ya aza sirdi can gaba, ko ya zuba nauyinsa a kan kafaɗar doki, ya ƙara wa ƙafafun gaba aiki. Wanda kuma ya fizgi linzami ana cikin sukuwa, ƙafafun gaba sun kafe, na baya sun zamo ƙarƙashin ciki, ya haɗa su ke nan. Zamiya tana da kyaun gani ranar hawa, ɗan folo kuma ba shi da makawa sai ya tsaya ya juya farat ɗaya, amma ya kamata a san abin da hakan ke jawo wa takalmi.

Damina, rani da turke

Sau da yawa za ka ji an ce taɓo ne ya tsotse takalmi. Ƙusa shida da aka lanƙwasa da kyau sun fi ƙarfin tsotson taɓo. Abin da taɓo ke yi shi ne ya riƙe ƙafar gaba na ɗan lokaci, ta baya kuwa tana tafe ba ta san an riƙe 'yar'uwarta ba. Rairayi mai zurfi ma haka yake yi.

Ruwa yana da wata ɓarnar ta dabam. Keratin yana shan ruwa ya kumbura ya yi laushi, in ya bushe ya tsuke. Ƙarfe ba ya yin haka. Kofaton da ya jiƙe da safe ya bushe da rana, ya sake jiƙewa da dare, yana motsi ne a kewayen ƙusa, ramin ƙusa yana ƙara faɗi, ƙugiyoyi suna ɗagowa. A ƙasar Hausa, inda laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a lokacin hunturu, ta kuma haura 70 a watan Agusta, farkon damina da ƙarshenta su ne lokutan da ya kamata a fi sa ido. Mai wanke doki kullum yana barin ruwa na kwarara a kan kofato, ya ƙirƙiro wa dokinsa damina da rani a yini guda.

Abin da ya fi ruwan sama muni shi ne fitsari da kashi a gindin turke. Fitsari in ya daɗe yana fitar da amoniya, ita kuwa tana raunana keratin. Ƙwayoyin cuta masu son inda babu iska suna shiga ramukan tsofaffin ƙusoshi da tsagar farin layi suna cin bango ta ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Irin wannan kofato za ka ga yana marmashewa kamar tsohon sabulu, ba ya riƙe ƙusa ko wane ne ya kafa ta. Bugu da ƙari, danshin kashi da ruɓaɓɓiyar ciyawa nan ne ƙudan barga mai cizo ke hayayyafa, kuma ƙafafu ya fi so. Dokin da ke buga ƙafa da ƙasa ɗaruruwan sau a yini yana kwance wa kansa ƙusoshi ne sannu a hankali. Wani dokin kuma tonon ƙasa yake yi in ya ƙagu a kawo abinci, ya saƙala dunduniyar takalmi a waya ko igiya ko bakin ƙofa, ya ja.

Abin da doki ke ci

Taurin keratin ya dogara ne ga wasu ƙulle-ƙulle na sinadarin farar wuta da ke ɗaure zarurrukan furotin da juna. Domin ya gina su, jiki yana buƙatar isasshen furotin mai kyau, da zinki, da tagulla 'yar kaɗan, da wani bitamin mai suna biyotin. A 1995 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan ingarmu 42 na shahararriyar makarantar hawa ta birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya. An ba 26 daga cikinsu miligiram 20 na biyotin kullum, sauran 16 ba a ba su ba. Waɗanda aka bai wa, kofatonsu ya gyaru, amma sai bayan wata 9 aka ga bambancin. Dalili kuwa mun faɗe shi a baya: babu abincin da ke gyara bangon da ya riga ya tsiro, sai dai a jira sabo ya sauko. Duk mai tallar garin da zai ƙarfafa kofato cikin mako biyu, ilmin halittu bai goyi bayansa ba.

Harawar wake da ta gyaɗa abinci ne mai kyau, suna da furotin da kalsiyam. Inda ake kuskure shi ne wajen dusa da hatsi. Dusa tana da fosforas mai yawa, kalsiyam kaɗan, kuma in ta yi yawa ƙashi ne ke biya. Ɗura wa doki dawa ko gero ko masara domin ya yi ƙiba kafin salla kuwa yana iya jawo kumburin ganyayyakin nan da ke riƙe da ƙashi. Wannan ciwo ne mai tsanani, kuma dokin da ya tsira daga gare shi yakan fito da kofato mai zobba-zobba, da farin layi mai faɗi, wanda ƙusa ba ta samun abin kamawa a cikinsa.

Takalmin da ya faɗi shaida ne

Kafin a ɗora wa kowa laifi, a nemo takalmin. In aka same shi ya lanƙwashe ko ya murɗe ta wajen dunduniya, ƙusoshi sun miƙe, wataƙila da ɓallin bango a jikinsu, to take shi aka yi. In aka same shi a miƙe sumul, ƙusoshi sun siraice ko sun karye, to ya daɗe yana motsi kafin ya faɗi. In ramukan ƙusa a jikin kofato sun marmashe, matsalar bangon ce. In gefen ciki ne ya lanƙwashe, mai yiwuwa ɗayar ƙafar gaban ce ta take shi wajen juyawa.

Sa'an nan a sami ɗan littafi a riƙa rubutawa: wace ƙafa, wace rana, kwana nawa da sa takalmin, ina dokin yake, an yi ruwa ko ba a yi ba. Takalmin da ke fita a makon farko yana nuni ga yadda aka daidaita shi. Wanda ke fita a mako na shida ko na bakwai yana cewa an wuce lokaci. Wanda kullum ƙafa ɗaya ce, a nemi likitan dabbobi ya duba ƙafar. Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba, kuma shi ne ainihin abin da ake kira kimiyya.

Gyara na farko, wanda kuma ya fi kowanne arha, shi ne rage tazarar datse kofato, daga mako 8 zuwa mako 5, ko ma 4 da damina. Na biyu, maƙeri ya rage goshin kofato, ya ɗan ja takalmin baya, ya kuma goge bakin ƙarfen ya yi gangare domin kofato ya mirgina da sauƙi. Ƙarshen ƙarfen da ya leƙo baya a goge shi da magagari ya yi sulɓi yadda ko an take shi ƙafa za ta zame. A ƙafar baya kuma akan sa takalmi mai tsayayyen goshi, a ja shi baya kaɗan. Akwai 'yan kunnuwan ƙarfe da ake ɗagowa daga gefen takalmi su rungumi bango. Suna hana takalmi zamewa, suna rage wa ƙusa aiki. Akwai kuma hular roba mai siffar ƙararrawa da ake sa wa ƙafar gaba. Amfaninta sai in ta sauko ta rufe ƙarshen ƙarfen, kuma dole a riƙa cire ta ana wanke ƙarƙashinta, in ba haka ba ta goge fata. Kofaton da ya ƙi ƙusa sam, yanzu akwai gam mai ƙarfi da ake manna takalmin alminiyam ko na roba da shi, sai dai da tsada, kuma yana son busasshen kofato mai tsabta.

Abubuwa biyu ne nake ganin ya kamata mai doki ya ƙi, ko da maƙeri ya kawo shawararsu. Na ɗaya, a gajarta takalmi har ya shige ƙarƙashin dunduniya domin kada a sami abin takewa. Lalle takalmin zai zauna, amma dunduniya ta rasa madogara, ta durƙushe gaba, ƙarshen ƙarfe ya riƙa danna tafi yana tara jini, jijiyar baya kuma ta sha wahala. An sayar da ƙafa ke nan an sayi takalmi. Na biyu, a ƙara yawan ƙusa ko girmanta. Kowace ƙusa rami ce a jikin bango, kuma takalmin da aka kafe fiye da kima, ranar da aka take shi, da bangon zai tafi. In dai har za a take, gara ƙusa ta saki.

Ranar da abin ya faru

Takalmin da ya saki rabi ya fi wanda ya faɗi haɗari, domin doki na iya taka ƙusar da ta miƙe ko kunnen ƙarfen. A tsayar da doki nan take. A goge ƙugiyoyin ƙusa da magagari, a sa awartaki ƙarƙashin ƙarfen daga dunduniya, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan ana nufar goshi, gefe bayan gefe. Kada a ɓanɓare shi zuwa waje, bango zai yage. A ƙirga ƙusoshi, a tabbata babu wadda ta rage a kofato ko a ƙasa. A wanke, a naɗe kofaton da tsumma mai kauri, a ajiye doki a busasshen wuri mai taushi har maƙeri ya zo. In bango ya ɓalle da yawa, kada a matsa sai an mayar da takalmi a ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa ƙusa ta huda tafi ko tsokar tsakiya, wannan aikin likita ne, kuma na gaggawa, domin gaɓa da jijiya suna nan dab a ciki. Ƙwayar Clostridium tetani, mai kawo ciwon sandarewar jiki da sarƙewar haƙora, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, doki kuwa yana cikin dabbobin da gubarta ta fi yi wa illa. Akwai allurar rigakafinta.

Ko dole ne sai da takalmi?

Tambayar da ta kamata a fara da ita ke nan, amma an fi barinta sai an gaji. Takalmi yana da amfani idan ƙasa tana cin kofato fiye da yadda yake tsirowa, ko ana son ƙarin kamun ƙasa wajen juyi, ko likita yana gyara wata nakasa. In babu ɗaya daga cikin ukun nan, kofato ya wadatar. Kakanninmu sun yi yaƙi da fatauci a kan dawakin da ba su san ƙusa ba, domin ƙasarmu mai rairayi ce, rani kuma yana taurara kofato. Ko a Turai ra'ayi ya fara sauyawa: a wasannin Olamfik na Tokiyo da aka yi a 2021, ƙasar Suwidin ta ci zinariya a tsallen dawaki na ƙungiya, kuma biyu daga cikin dawakinta uku, All In da King Edward, ba su da takalmi. Sai dai dokin da ya saba da ƙarfe, in an cire masa, yana buƙatar makonni ko watanni a kan ƙasa mai taushi kafin tafinsa ya yi kauri, kuma datse kofato ba ya faɗuwa don an daina sa takalmi.

Malaman da ke kusa da barga suna iya mayar da wannan darasi na zahiri, da izinin mai doki, kuma mai kiwon ne zai riƙe shi ya ɗaga ƙafa. A sa wata 'yar alama da magagari a jikin bango, santimita 1 ƙasa da gashi, a riƙa auna nisanta daga gashin kowane wata, da rani da damina, a zana jadawali. A share rairayi a auna tazarar sawun baya da na gaba a tafiya da sassarfa. Wayoyin hannu da yawa a yau suna ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa ɗaya, abin da Muybridge bai samu ba da kyamarorinsa 12. A tsaya a gefe, nesa kaɗan, a sauke wayar daidai gwiwar doki, a ɗauka yana sassarfa, sa'an nan a ƙirga hoto nawa ne tsakanin tashin ƙafar gaba da saukar ta baya, kafin a datse kofato da kuma bayan an datse.